Tambayoyi da amsoshi kan girka Ansible a saba

Ina kula da injinan wasu 'yan wurare a cikin garin Bauchi: wata makaranta mai zaman kanta a wajen Fadaman Mada, wani ƙaramin asibiti, da wani kamfanin sayar da kayan gini mai reshe a Azare. Duk shekara kuma ɗalibai masu neman sanin makamar aiki suna zuwa su zauna da ni na 'yan watanni, yawancinsu daga Gwallameji da Yelwa. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi yi mini, wasu a ofis, wasu ta waya bayan sallar isha'i. Na gaji da maimaita amsa, shi ya sa na zauna na rubuta.

Malam, wai shi Ansible ɗin nan mene ne?

Manhaja ce da ake ba umarni a rubuce a baƙin allon nan da babu hoto babu abin latsawa, ita kuma ta je ta aiwatar a kan injina da yawa a lokaci guda. A ce kana da saba takwas, wato kwamfutocin da ke yi wa sauran injina hidima, kana son a girka musu manhaja iri ɗaya, a buɗe wa sabon ma'aikaci asusu, a gyara agogonsu. In da hannu ne, sai ka shiga ta farko ka yi, ka fita, ka shiga ta biyu. Kafin ka kai ta shida ka manta abin da ka yi wa ta uku. Da Ansible sau ɗaya za ka rubuta abin da kake so a cikin fayil, shi ya bi su duka.

Michael DeHaan ne ya ƙirƙire shi a 2012, kamfanin Red Hat ya saye shi a 2015. Da harshen Python aka rubuta shi, kuma kyauta ne, ba ka biyan ko sisi kafin ka sauke. Wasu littattafan suna kiran saba da uwar garke. Ni saba nake cewa, don ita nake ji a bakin abokan aiki.

Sai na girka shi a kan kowace saba?

A'a, kuma nan ne mafi yawan masu farawa suke ɓata lokacinsu. Inji ɗaya tak za ka girka wa. Shi nake kira jagora, sauran kuma mabiya. Mabiya abu biyu kawai suke bukata: ƙofar SSH a buɗe, wato hanyar shiga inji daga nesa cikin tsaro, da Python. Jagora zai shiga ta SSH kamar yadda kai ma kake shiga, ya tura ɗan guntun shiri, ya gudanar, ya share, ya fito. Babu wani wakili da yake bari yana zaune a can yana cin ƙwaƙwalwar inji. Wannan ne ya bambanta shi da Puppet da Chef, wasu manhajoji masu irin aikinsa, waɗanda a al'adarsu sai an ɗora wakili a kowane inji.

Na taɓa dawowa daga sallar azahar na tarar wani yarona ya girka Ansible a saba biyar, yana kan ta shida, gumi na zuba, datar ofis ta kusa ƙarewa. Bai yi ɓarna ba, amma wahalar banza ce.

Jagora ba sai ƙaton inji ba. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ma ta wadatar, har ta fi, don batirinta zai riƙe ka in an ɗauke wuta ana tsakar aiki.

Wace babbar manhaja, wato wadda ke tafiyar da injin gaba ɗaya, ta fi dacewa da jagora?

Duk wata Linux da har yanzu ake kula da ita. Ni Ubuntu Server nake amfani da ita, sigar da ake kira LTS, wadda ake fitarwa a watan Afrilu duk bayan shekara biyu, kuma ake yi mata gyare-gyaren tsaro na shekara biyar. 22.04 ta fito a 2022, 24.04 a 2024. Debian 12, wadda ta fito a Yunin 2023, ita ma lafiya lau ce. In wurin aikinku 'yan gidan Red Hat ne, akwai Rocky Linux da AlmaLinux.

Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne CentOS 7. An daina yi mata gyara tun 30 ga Yuni, 2024. Na san har yanzu tana nan a ɗakunan saba da yawa, an rufe ta da ƙyalle saboda ƙura, kowa na tsoron taɓa ta. Ka bar ta a matsayin mabiyi har a samu halin sauya ta, amma kada ka gina sabon aiki a kanta.

To, yaya ake girkawa a Ubuntu?

Hanya uku ce, kuma ba ɗaya suke ba.

Mafi sauƙi ita ce ta rumbun manhajojin Ubuntu kanta, da umarnin girkawa na apt:

`sudo apt update`
`sudo apt install ansible`

Shi ke nan. Matsalarta ita ce abin da ke rumbun yana tsufa tare da babbar manhajar. A 22.04 siga 2.10 za ka samu, wadda ta kwana biyu ƙwarai. A 24.04 kuwa ansible-core 2.16 ne, kuma ya ishi mai koyo.

Hanya ta biyu ita ce ƙara rumbun da masu Ansible suke kula da shi domin Ubuntu:

`sudo apt install software-properties-common`
`sudo add-apt-repository --yes --update ppa:ansible/ansible`
`sudo apt install ansible`

Wannan yakan ba ka sigar da ta fi ta rumbun gida sabunta, kuma duk sanda ka sabunta injin, shi ma zai bi.

Ta uku, wadda ni na fi so, ita ce pipx:

`sudo apt install pipx`
`pipx ensurepath`
`pipx install --include-deps ansible`

Abin da pipx yake yi shi ne ya gina wa Ansible ɗakinsa daban a cikin foldar gidanka, da kayan Python nasa, ba ya haɗa kwano da na babbar manhaja. In ya lalace, ka rushe ɗakin ka sake ginawa, sabar ba ta ma san an yi ba. Kuma kai ke zaɓar sigar da kake so, abin da ke da amfani in kana da tsofaffin injina, kamar yadda zan yi bayani a ƙasa. Kada ka manta da `--include-deps` ɗin nan. In ka bar shi, za a girka komai amma umarnin `ansible` kansa ba zai bayyana ba, don yana cikin ɗan'uwansa ansible-core ne.

Ko wace hanya ka bi, ka gwada da `ansible --version`. Zai nuna maka sigar, da Python ɗin da yake amfani da shi, da fayil ɗin saiti da ya karanta. Ka zaɓi hanya ɗaya ka tsaya a kanta. Mai girkawa ta apt yau, gobe ta pipx, zai wayi gari da Ansible biyu a inji ɗaya, bai san wanne ke amsa masa ba.

Mene ne bambancin ansible da ansible-core?

Da can abu ɗaya ne. Tun daga siga 2.10 a 2020 aka raba su. ansible-core shi ne injin da 'yan kayan aiki na dole. ansible kuwa injin ne haɗe da tarin kayan da jama'a suka rubuta, na na'urorin sadarwa, na rumbunan bayanai, na Windows da sauransu. Na biyun ya fi nauyi nesa ba kusa ba. In data na yi maka wuya, ɗauki ansible-core, sannan ka riƙa ƙaro abin da kake bukata ɗaya bayan ɗaya da `ansible-galaxy collection install`.

Na buga pip install ansible kamar yadda na gani a bidiyo, sai ya ce externally-managed-environment. Na ɓata wani abu ne?

Ba ka ɓata komai ba, bidiyon ne ya tsufa. Debian 12 da Ubuntu 24.04 sun hana pip, mai girka kayan Python, zuba kaya kai tsaye a cikin Python na babbar manhaja, saboda kayan aikin tsarin da yawa da shi suke tafiya, kuma mutane sun sha karya injinansu ta wannan hanya. A ƙarshen saƙon za ka ga an ambaci `--break-system-packages`. Sunan ma ya ishe ka gargaɗi. Koma ka bi ta pipx.

Na girka lafiya, amma yana ce mini command not found.

pipx yana ajiye umarninsa a `~/.local/bin`, kuma baƙin allonka bai san da wurin ba tukuna. Buga `pipx ensurepath`, fita gaba ɗaya, ka sake shigowa. Sau tara cikin goma maganar ta ƙare a nan.

A Rocky ko AlmaLinux fa?

`sudo dnf install ansible-core` ya wadatar a siga ta 9. In cikakken kake so, sai ka fara da `sudo dnf install epel-release`, sannan `sudo dnf install ansible`.

Yallaɓai, kwamfutata Windows ce. Ba ni da rabo ke nan?

Kana da shi. Windows da kanta ba ta zama jagora, amma akwai WSL, wanda ke ba ka Ubuntu a cikin Windows 10 ko 11. Buɗe PowerShell da ikon mai gida, buga `wsl --install`, sake kunna injin, sannan ka bi matakan Ubuntu na sama.

Tarko ɗaya ne a nan, kuma kusan kowa sai ya faɗa. In ka ajiye fayilolin aikinka a ɓangaren Windows, wato ƙarƙashin `/mnt/c`, Linux tana ganin foldar a matsayin wadda kowa ke iya rubutu a ciki. Ansible kuwa ba ya karanta `ansible.cfg` daga irin wannan folda, SSH ma ba ya yarda da makullin da ke a buɗe haka. Za ka yi ta gyara saiti kana mamakin me ya sa ba ya ji. Kwashe kayanka ka mayar cikin gidan Linux, wato `~`.

Na gama girkawa. Yaya zan haɗa shi da sabobin?

Yanzu aka zo wurin aikin. Girkawa minti biyar ne in intanet na da kyau, amma wannan ɓangaren shi ke cin yini.

Ansible ba shi da wata ƙofa tasa ta musamman. In kai ba ka iya shiga sabar da `ssh` da hannunka ba, shi ma ba zai iya ba. Saboda haka kafin ka buga ko da umarni ɗaya na Ansible, ka tabbata `ssh suna@adireshi` yana kai ka ciki. Bayan nan ka ƙera makulli a kan jagora:

`ssh-keygen -t ed25519`

Zai haifar da fayil biyu a `~/.ssh`. Ɗaya yana ƙarewa da `.pub`, ɗaya babu. Ka ɗauki mai `.pub` kamar kwaɗo, ɗayan kuma ɗan makullinsa. Kwaɗo kana iya sa shi a ƙofa ɗari, kowa ya gani, ba komai. Ɗan makulli kuwa a aljihunka yake kwana. Ba a tura shi ta WhatsApp, ba a sa shi a filashin da ke yawo daga shagon buga takardu na Wunti zuwa ofis, ba a ba abokin aiki aro. In abokin aikinka na bukatar shiga, ya ƙera nasa, a rataya kwaɗonsa kusa da naka. Ranar da ya bar aiki, nasa kaɗai za a cire.

Zai tambaye ka ko kana son sa wa makullin kalmar sirri. Ka sa. Kwamfutar tafi-da-gidanka tana ɓata, ana mance ta a Keke Napep, ana sace ta a tasha. Domin kada ka yi ta bugawa kowane minti, `ssh-agent` da `ssh-add` za su riƙe maka ita har ka tashi daga aiki.

Sai ka kai kwaɗon kowace saba:

`ssh-copy-id suna@192.168.1.10`

Daga nan ka rubuta rajistar injinanka a fayil, ka kira shi `hosts` ko duk abin da ka ga dama:

```
[makaranta]
192.168.1.10
192.168.1.11

[azare]
reshe ansible_host=10.8.0.5 ansible_port=2222
```

Sunan da ke cikin baka mai kusurwa sunan rukuni ne. Yanzu gwada:

`ansible all -i hosts -m ping`

In ka ga koren rubutu da kalmar `pong`, ka yi hamdala. Wannan `ping` ɗin ba irin wanda ka saba ba ne na duba ko inji na numfashi. Shi shiga yake yi ta SSH, ya nemo Python, ya gudanar da abu, ya dawo. In ya amsa, hanya ta buɗe ke nan tun daga farko har ƙarshe.

Ja nake gani, an rubuta UNREACHABLE.

Karanta abin da ke bayan kalmar, don a nan amsar take. `Permission denied` na nufin ka isa ƙofa amma ba a san ka ba: ko sunan asusun ba daidai ba ne, ko kwaɗon bai je ba. Ansible yana ɗauka sunanka na jagora shi ne sunanka a can, sai ka gaya masa da `-u` ko `ansible_user`. `Connection timed out` na nufin ba ka ma isa ba: adireshi, waya, katangar tsaro, ko kuma injin a kashe yake don man janareta ya ƙare. `Host key verification failed` kuwa yakan fito in ba ka taɓa shiga injin da hannu ba, ko an sake ɗora masa babbar manhaja. Za ka ga masu cewa a kashe wannan binciken gaba ɗaya. A ɗakin gwaji ba laifi. A sabar asibiti ban yarda ba, don shi ne ke gaya maka in wani ya tsaya a tsakani yana kwaikwayon injinka.

In har yanzu ka rasa gane bakin zaren, ƙara `-vvv` a ƙarshen umarnin, zai zayyana maka duk abin da yake yi.

An ɗauke wuta ina tsakar girkawa. Yanzu apt ya ƙi komai.

Mun saba. Buga `sudo dpkg --configure -a`, sannan `sudo apt -f install`. Na farko yana ƙarasa abin da aka bari rabi, na biyu yana cike gurbin abin da ya ɓace.

In kuma saƙon `Could not get lock` ne, musamman jim kaɗan bayan kunna inji, yawanci Ubuntu ce ke sauke gyare-gyaren tsaro da kanta a bayan fage. Je ka sha shayi ka dawo. Kada ka yi gaggawar goge fayil ɗin kullen, don in aikin na gudana ka goge, kai da kanka ka jawo abin da ɗauke wuta ke jawowa.

Akwai wani kuma da ya taɓa cinye mini safiya guda a lokacin hunturu. Sabar makaranta ta kwana a kashe tsawon hutu, da muka kunna, apt ya dage cewa fayil ɗin rumbu `is not valid yet`, wai lokacinsa bai yi ba. Na canza rumbu, na canza layin intanet, na zargi kowa. Ashe ɗan batirin nan mai kama da kwabo da ke kan allon inji ne ya mutu, agogo ya koma shekarun baya, injin yana ganin fayil ɗin daga gobe ya zo. `timedatectl` ya tona asiri cikin daƙiƙa ɗaya. Batirin CR2032 ne, masu gyaran agogo ma suna sayarwa. Tun ranar, agogo nake fara dubawa.

Wata dabara: in ta SSH kake aiki a kan jagora mai nisa, fara buɗe `tmux`. Ko layi ya yanke, aikin na ci gaba a can, ka dawo da `tmux attach` ka tarar da shi inda yake.

Data fa? Saba goma kowacce na sauke abu ɗaya, ai asara ce.

Asara ce kam. Ansible kansa ba ya cin data sosai, rubutu ne yake turawa. Abin da ke ci shi ne kayan da ka umarci injinan su sauke. In suna gida ɗaya, girka `apt-cacher-ng` a kan guda, ka nuna wa sauran shi ta ƙofa 3142. Na farko ya sauke daga waje, sauran su ɗiba daga wurinsa. A ɗakin kwamfutocin makaranta wannan kaɗai ya sa mai makarantar ya daina kallona da wani ido duk ƙarshen wata.

Nuna mini fayil ɗin umarni na farko.

Ga ɗan ƙarami. Sa masa suna `farko.yml`:

```
- hosts: makaranta
  become: true
  tasks:
    - name: Saita agogo
      community.general.timezone:
        name: Africa/Lagos
    - name: Girka tmux
      ansible.builtin.apt:
        name: tmux
        state: present
```

Sai ka buga `ansible-playbook -i hosts farko.yml -K`. Layin `become: true` yana cewa a yi aikin da ikon mai gida, `-K` kuma yana sa a tambaye ka kalmar sirrin `sudo`. Aikin agogon yana cikin tarin `community.general`, don haka in ansible-core kaɗai ka girka, sai ka ƙaro shi.

Tsarin rubutun sunansa YAML, kuma yana da tsantseni kamar malamin allo. Tazarar farkon layi tana da ma'ana. Da maɓallin tazara ake yin ta, ba a yarda da maɓallin Tab ba sam. Layi ya goce da tazara ɗaya, fayil duka ya ƙi. Sunayen ayyukan kuwa, wato abin da ke gaban `name` na farko, rubuta su da Hausa abinka, inji bai damu ba, kuma wanda zai gaje ka zai gode.

Gudanar da shi sau biyu ka lura. Karon farko rubutun zai fito ruwan ɗorawa, alamar an canza wani abu. Karo na biyu kore ne, `changed=0`. Bai sake girka komai ba, ya duba ya ga abin da ka nema yana nan, ya wuce.

To ai ni ina da rubutun bash da nake sa wa cron. Me zai ƙara mini?

In injinka ɗaya ne kuma aikin kwafe bayanai ne kowane dare, zauna da cron ɗinka, mai kunna aiki da kansa a lokacin da ka tsayar, babu abin da ya same shi. Ni ma ina da irinsu. Bambancin yana fitowa ne a abin da ka gani yanzu. Rubutun bash jerin matakai ne: yi kaza, sannan kaza. In ya tsaya a tsakiya ka sake kunna shi, sai ya ƙara layi ɗaya sau biyu a fayil ɗin saiti, ko ya faɗi don asusun da yake son buɗewa yana nan, sai fa in ka zauna ka rubuta masa sharaɗi a kowane mataki. A Ansible yanayin da kake son inji ya kasance kake faɗa, shi ya duba ya cike abin da ya rage. A garin da wuta da layi ke yankewa ba sallama, samun abin da za ka sake kunnawa ba fargaba ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai wannan bai shafi kayan aikin Ansible na `shell` da `command` ba. In ka cusa umarnin bash a cikinsu, za su gudana duk sanda aka kira su, ka koma gidan jiya.

Akwai haɗari a ciki?

Akwai, kuma jiki magayi. Abin da ke kai aikinka saba goma a minti ɗaya, shi ne zai kai kuskurenka saba goma a minti ɗaya.

Wata Alhamis da yamma na rubuta umarnin kunna katangar tsaro ta `ufw` a duk injinan da nake kula da su: a rufe kowace ƙofa, a bar ta 22 ta SSH. Na gwada a kan sabar da ke gabana, lafiya. Na sake shi a kan `all`. Komai ya fito ruwan ɗorawa da kore, babu ja ko ɗaya. Na rufe kwamfuta, na tsaya na sayi masa a hanya, na tafi gida ina jin kaina.

Da safe na nemi sabar Azare, shiru. Na sake, shiru. Sai da na buɗe rajista idona ya faɗa kan `ansible_port=2222`. Wanda ya kafa injin tun kafin zuwana ya mayar da SSH ƙofa 2222, ni da hannuna na rubuta haka a rajista watanni baya, amma a fayil ɗin umarni na kafe 22. Na kulle gida na jefa makulli ciki. Injin na aiki, masu shago na ta sayar da siminti, ni ne dai ba ni da hanyar shiga. Na kira yaron shagon. "Yallaɓai, allon ma babu a jikinta, akwati ne kawai a ƙarƙashin tebur," in ji shi. Haka na nemi ƙaramin allo da madannai, na sa a jaka, na hau motar haya ta Darazo da Misau, na yi sallar Juma'a a hanya. Gyaran bai kai minti biyu ba: `sudo ufw allow 2222/tcp`. Kuɗin mota daga aljihuna, don ban ga fuskar da zan nemi mai kamfani ya biya ba.

Ga abin da nake yi tun daga lokacin. Ina fara gudanarwa da `--check --diff`, wanda ke nuna abin da zai canza ba tare da ya taɓa komai ba. Ina bin sa da `--limit` a kan inji ɗaya. In aikin ya shafi SSH ko katanga ko adireshin inji, ina buɗe wata tagar SSH daban in bar ta a buɗe, sannan in gwada sabuwar shiga kafin in rufe tsohuwar. Ina sa `serial: 1` don ya bi su ɗaya bayan ɗaya, domin in ba haka ba biyar-biyar yake ɗauka. Lambar ƙofa kuma daga rajista nake sa ya karanto ta. Ka lura `--check` kaɗai da bai cece ni ba a ranar, don a wurin inji umarnina daidai yake. Kuma na daina taɓa injin da ke wani gari ranar Alhamis da yamma.

Ina zan ajiye kalmomin sirri? A cikin fayil ɗin?

Ba a fili ba. Ansible ya zo da `ansible-vault`. Buga `ansible-vault create sirri.yml`, ka ba shi kalma ɗaya mai ƙarfi, ka zuba sauran a ciki, zai kulle su da AES256. Lokacin aiki ka ƙara `--ask-vault-pass`. In kana ajiye fayilolinka a Git, manhajar da ke riƙe tarihin duk canjin da aka yi wa fayil, wanda ya kamata, wannan dole ne, domin abin da ya taɓa shiga tarihin Git yana nan ko ka goge shi daga baya. Kalmar buɗe rumbun kuma in ta ɓata, babu ofishin da za ka je a dawo maka da ita. Rubuta ta a takarda, ka sa a ambulan, ka ba mai wurin ya kulle a inda yake ajiye takardun fili.

Sabuwar siga ta ƙi aiki da tsohuwar sabarmu, tana kawo kuskuren Python.

Daga ansible-core 2.17, wanda ya fito a 2024, an daina tallafa wa mabiya masu Python 2.7 da 3.6. CentOS 7 da 2.7 ta zo, dangin Red Hat 8 kuma da 3.6. Mafita biyu ce. Ko ka girka sabon Python a kan mabiyin ka nuna wa Ansible shi da `ansible_python_interpreter` a rajista, ko ka riƙe siga 2.16 a jagora domin waɗannan injinan:

`pipx install "ansible-core==2.16.*"`

Ta biyun ta fi sauƙi, musamman da yake ayyukan `yum` da `dnf`, masu girka manhaja a dangin Red Hat, sun dogara da Python na asalin tsarin. Amma jinkiri ne kawai ka saya, sauya injin na nan na jiran ka. In kuma mabiyin ba shi da Python ko kaɗan, akwai `raw`, wanda ke tura umarni tsurarsa ta SSH: `ansible reshe -i hosts -b -K -m raw -a "apt install -y python3"`.

Yana cewa sai locale ya zama UTF-8.

Locale shi ne saitin harshe da haruffa na inji. Wannan yakan faru a sabar da aka girka a taƙaice. A Ubuntu buga `sudo locale-gen en_US.UTF-8`, sannan `sudo update-locale LANG=en_US.UTF-8`, fita ka dawo. Da ma kana bukatarsa in kana son ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a sunayen ayyukanka.

Yaya zan sabunta shi, ko in cire shi in na fasa?

Ta ƙofar da ya shigo zai fita. In apt ne, `sudo apt upgrade` ko `sudo apt remove ansible`. In pipx ne, `pipx upgrade --include-injected ansible` ko `pipx uninstall ansible`. Kafin ka sabunta, rubuta sigar da kake kai a wani wuri, kuma bayan sabuntawa ka bi fayilolinka da `--check` tukuna, don wani lokaci sabuwar siga takan daina karɓar salon rubutun da tsohuwar ke haƙuri da shi.

Cire Ansible daga jagora ba ya warware abin da ya riga ya yi a kan mabiya. Manhajojin da ya girka suna nan, asusun da ya buɗe suna nan. Kwaɗonka ma yana rataye a kowace saba, a cikin `~/.ssh/authorized_keys`. In barin aikin za ka yi, bi su ɗaya bayan ɗaya ka cire layinka, ko ka sa wanda ya gaje ka ya cire a gabanka kafin ka miƙa masa rajistar.